Takarda Ɗaya, Haƙƙin Wa?

Akwai sana'o'in da mutane ke ganin ba su da mai su, tamkar daga sama suka faɗo. Ninkin takarda yana cikinsu. Duk yaron da ya taɓa zama a bencin lakwal ya yage warƙa daga kaye ya ninke ta, ta zama jirgin ruwa ko jirgin sama, kuma ba wanda ya tambaye shi wa ya ƙago wannan ninki. Da gaskiyarsu, domin waɗannan na gado ne, na kowa da kowa. To amma a ƙasar Japan, inda ake kiran wannan fasaha origami, wato ori, ninkewa, da kami, takarda, abin ya daɗe da wuce wasan yara. A yau akwai mutanen da ke ɓatar da watanni, wani lokaci shekaru, suna neman hanyar da warƙa ɗaya mai kusurwa huɗu daidai wa daida za ta zama kunama da ƙafafunta takwas da ƙarinta, ba almakashi, ba danƙo. Batun waɗannan mutane ne ke damuna, da abin da ke shiga aljihunsu idan sun kai aikinsu a buga.

Tsohon littafin da aka sani a kan ninkin nishaɗi an buga shi a Japan a 1797, kuma duk a kan tsuntsun nan ne da suke kira tsuru, ɗan'uwan gaurakarmu. Wanda ya fara ninka wannan tsuntsu ba a san shi ba. Sai a ƙarni na 20 aka samu mutumin da ya sa duniya ta fara haɗa ninki da sunan mai shi, Akira Yoshizawa. An haife shi a 1911. A 1937 ya bar aikin masana'anta don ya duƙufa ga takarda, ya shiga talauci na shekaru da dama, har yana bi gida-gida yana tallar wani abin ci da ake dafawa da ruwan waken soya. Ƙofar ta buɗe masa ne lokacin da mujallar Asahi Graph ta nemi ya ninka mata dabbobi 12 na kalandar shekarunsu, ta buga hotunan a farkon 1952. Littafinsa na farko ya fito a 1954, kuma a 1955 aka baje ayyukansa a gidan adana kayan fasaha na Stedelijk da ke Amsterdam. Ya rasu a 2005, ranar da ya cika shekara 94. Shi da bakinsa ya ƙiyasta cewa ya ƙago siffofi sama da 50,000, amma waɗanda suka shiga littattafansa ƴan ɗaruruwa ne kurum.

Wannan rata tsakanin dubu hamsin da ƴan ɗaruruwa ita ce ta fara buɗe mini ido. Ƙago ninki aiki ne daban, rubuta shi yadda wani zai iya bi kuma aiki ne daban, kuma sau da yawa na biyun ya fi cin rai. Sai an zana kowane mataki: ga yadda takardar take, ga layin da za a ninke, ga kibiyar da ke nuna inda kusurwa za ta dosa. Alamomin da ake aiki da su a ko'ina yau, ɗigo-ɗigon da ke bambance ninkin da ke lotsawa ciki kamar kwari da wanda ke tasowa kamar tudu, daga Yoshizawa suka samo asali, sannan Samuel Randlett na Amurka da Robert Harbin na Ingila suka daidaita su a wajejen 1961. Albarkacinsu malamin Tawa na iya buɗe littafin Japananci, bai san harafi ko ɗaya ba, ya ninka abin da ke ciki. Ƙaramin tsuntsu na iya ɗaukar mataki ashirin. Manyan ayyuka na zamani suna haura mataki ɗari biyu, kuma kuskure a mataki guda ya isa ya ɓata wa mai bi yininsa. Don haka sai mai zanen ya ba wasu su gwada, su dawo masa da gyara, ya sake.

To, ya gama. Ina zai kai? Hanyar da aka fi bi ita ce ta ƙungiyoyi. Akwai ta Ingila da aka kafa a 1967, akwai ta Faransa, MFPP, da Jean-Claude Correia ya kafa a 1978, mai mujalla Le Pli, akwai OrigamiUSA a Amurka, akwai kuma ƙungiyar Japan mai buga mujallar Origami Tanteidan. Suna yin taro, suna haɗa kundin sabbin ninki, suna kira ga kowa ya aiko. Al'adar da aka saba ita ce, wanda aka zaɓi aikinsa a ba shi kofe ɗaya na kundin kyauta, sunansa ya fito, haƙƙin mallakar aikin kuma ya ci gaba da zama nasa. Kuɗi kam babu.

Na daɗe ina juya wannan al'ada a raina, kuma ban ga zalunci a cikinta ba. Masu haɗa kundin su ma galibi aikin sa kai suke, abin da aka samu yana komawa ga hayar ɗakin taro da kuɗin ɗab'i. Gayya ce: yau a gonarka, gobe a gonata, kuma ba a biyan ɗan gayya sai fura. Mu da ke rubutu cikin mujallu irin wannan mun san wannan ciniki sarai, ba sai an fassara mana ba. Matashin da ba a san shi ba yana samun abin da kuɗi ba sa saye, wato gwanaye su ga aikinsa, kuma ranar da aka buga ta zama shaida cewa shi ya riga kowa.

Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da mai neman riba ya ari rigar gayya. Kamfanin ɗab'i ya tara ninkin mutum talatin, ya ce da kowa ai za a san ka, ya sayar da littafin a kantuna. Kamfanin talla ya ɗauki wani ya ninka masa dokin da wani ya ƙago, ya liƙa a allunan titi. Mai koyarwa a bidiyo ya bi matakan wani ɗaya bayan ɗaya, ya ci kuɗin tallan da ke biyo bayan masu kallo, bai ambaci suna ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sannan ga intanet, inda ake ɗaukar hoton littafi shafi-shafi a watsa kyauta tun bai yi wata da fitowa ba. Littafin ninki ba ƙagaggen labari ba ne mai dubban masu saye; kasuwarsa ƴar ƙarama ce, kuma ɗan kason da marubuci ke samu daga kowane kofe ba ya jure irin wannan yoyo. Shi ya sa masu rayuwa da wannan sana'a kaɗai ba su da yawa. Robert Lang, Ba'amurken da ya bar aikinsa na masanin kimiyyar haske a 2001 don ya koma ninki, yana haɗa littattafai da lacca da ba injiniyoyi shawara. Éric Joisel na Faransa, wanda ya ninka ɗankunya da ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya daga warƙa guda, ana sayen ayyukansa da tsada, amma kowane yana cin lokaci mai tsawo, har ya rasu a 2010 bai yi dukiya ba.

Shari'a fa? A nan ne na ga abin da ya fi ba ni tunani. A 2011 wata kotu a Tokyo ta saurari ƙarar wani mai ƙago ninki a kan gidan talabijin da ya wallafa yadda ake yin wani ninki da ke cikin littafinsa. Kotun ta yarda cewa zanen matakan, da tsarinsa da bayaninsa, aiki ne mai haƙƙin mallaka. Amma ta ce ita kanta hanyar ninkewa dabara ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ba ta kare dabara, sai sigar da aka bayyana ta. Tunda gidan talabijin ya nuna matakan da sigarsa ta daban, mai ƙara ya faɗi. Wato doka ta tsare masa tulun, ta bar ruwan ga kowa. Na fahimci hikimar: in da za a mallaki dabara, da kowane ninki na biyu sai an nemi izinin na farko, domin duk mai ƙagowa a kan kafaɗar magabata yake tsaye. Sai dai ga mai ninki, dabarar ita ce aikin.

A wannan shekara dai Lang da wasu biyar, cikinsu har da Toshikazu Kawasaki mai shahararriyar furen wardi ta takarda, suka kai mai zane Sarah Morris ƙara a Amurka. Idan ka warware ninkakken abu ka shimfiɗa takardar, za ka ga layuka sun sassaƙu kamar zanen tabarma. Wannan taswirar ninki ita ce asirin aikin, kuma gwani na iya sake gina siffar daga ita kaɗai. Masu ƙara sun ce Morris ta ɗauki taswirorinsu ta cike su da launi a cikin ayyuka 24, ba izini, ba ambato. Ba a kai ga hukunci ba. A farkon 2013 aka yi sulhu, aka amince cewa duk inda za a nuna ko a buga waɗannan zane-zane sai an ambaci waɗanda suka ƙago taswirorin. Abin da duniya ta ji daga sulhun suna ne, ba adadin kuɗi ba.

Ni a ganina bashi biyu ne a nan, kuma bai kamata a cuɗanya su ba. Bashin suna yana kan kowa, mai kuɗi da talaka, ba ya da uzuri domin ba ya cin ko dala. Bashin kuɗi kuwa yana hawa kan wanda ya ci riba, gwargwadon ribar. Mai aika aikinsa ga ƙungiya ya tabbata a rubuce cewa izinin bugu ɗaya ya bayar, ba mallaka ba. Idan kamfani ne, to a faɗi kofe nawa, da wane harshe, na tsawon wane lokaci, da abin da za a biya, tun ba a miƙa zanen ba. Mai jin kunyar tambayar kuɗi ya tuna cewa mai injin ɗab'i bai ji kunyar tambayar nasa ba.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar mutanen nesa ce. Nijar da Japan duka suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta tanadi cewa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗanta. A Japan kariyar tana kai shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, ke nan littattafan Yoshizawa suna da mai su har ƙarshen 2075. Duk malamin da ke koyar da aikin hannu, ko mai neman nuna wa yara rabin kusurwa da layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ta hanyar ninke warƙa, yana taɓa kayan wani. Na san halin da muke ciki: littattafan ba sa zuwa kantunan Maraɗi ko Damagaram, sayen abu ta intanet yana son katin banki da yawancinmu ba mu da shi, injin fotokofi kuwa yana bakin kasuwa. Ba zan ɗora wa malamin ƙauye laifin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma tsakanin nuna wa aji ninki da hannunka, da kwafe littafi sukutum a sayar wa iyayen yara, akwai tafiya mai nisa.

Abin da nake yi a ajina kaɗan ne. Kafin mu taɓa takarda nakan rubuta a allo sunan wanda ya ƙago ninkin da ƙasarsa. Idan na gado ne in rubuta haka. Lokacin da ƙungiyarmu ta so ta saka wani kifi mai mataki goma sha biyu cikin ɗan littafin da muke raba wa malamai, na aika wa matar da ta ƙago shi wasiƙa, na faɗi yawan kofen da kuma cewa ba na sayarwa ba ne. Amsa ta zo bayan sati biyu: ta yarda, da sharaɗin a sa sunanta ƙarƙashin zanen, a kuma aika mata hoton yaran riƙe da kifayensu.

Wata rana wani yaro ya sauya wutsiyar kifin nan, ya ƙara ninki biyu, ta rabu gida biyu kamar ta tsattsewa. Ƴan ajin suka yi ta gardama ko kifin ya zama nasa. Masu cewa e suka kafa hujja da cewa ba wanda ya koya masa. Masu cewa a'a suka ce kai da jiki duk na matar ne. Muka rubuta sunaye biyu a allo, nata a sama, nasa a ƙasa, da kalmar wutsiya a gabansa.