Ɗan Riƙo Ɗa Ne

Mu Kiristocin Jibiya ba mu da yawa, saboda haka in rasuwa ta shiga gida ɗaya, kafin la'asar duk ikilisiya ta ji. Tun 2019 'yan bindiga ke korar iyalai daga ƙauyukan yankin nan, wasu har su tsallake iyaka zuwa jihar Maraɗi. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari. Marayu sun ƙaru, na Musulmi da na Kirista.

Riƙo dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu ba su san gidan marayu ba, baffa ko gwaggo ke ɗaukar yaro. Littafi Mai Tsarki ma ya nuna mana Mordekai, wanda ya riƙi Esta, 'yar baffansa, tamkar shi ya haife ta. Wasiƙar Yakubu kuwa ta sanya kula da marayu cikin ainihin ibada.

To, amma mu malaman makaranta muna ganin abin da fasto ba ya gani. Ranar dawowa daga hutu ake gane ɗan riƙo. 'Ya'yan gida da sababbin littattafai, shi an ce ya dakata tukuna. Shi ne kullum a makare, domin sai ya cika randuna kafin ya fito.

Jama'a, wanda ya ɗauki maraya ya haɗa shi kwano ɗaya da 'ya'yansa, ya biya masa makaranta rana ɗaya da su, ya kuma sa shi cikin wasiyya. In nauyin ya fi ƙarfinsa, ya gaya wa dattawan ikilisiya a taru a ɗauka.