Abin da nake bari a bayan fuska

Gilashin kyamarar da na fi daɗewa ina aiki da shi mai milimita 85 ne, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/1.8. Idan na buɗe ta duka na tsaya mita 2 daga mutum, wurin da zai fito tar bai wuce kamar santimita 6 ba. Ido ya fito, kunne ya soma dishi-dishi, bangon baya kuwa ya narke ya koma launi kawai. Masu sana'a na kiran wannan laushin boke. Samari da yawa da ke zuwa koyon hoto a wurina shi kaɗai ya kawo su, ban kuma ga laifinsu ba, domin abin yana da kyau ƙwarai.

Ni dai ba kyau ne ya fara haɗa ni da irin wannan gilashin ba, duhu ne. Ɗakin mahaifiyata taga ɗaya gare shi, ƙarama, kuma a shekarunta na ƙarshe idonta ba ya jure filasha. Duk sanda na ɗauko kyamara sai ta ce, “Kai dai ka rabu da ni da walƙiyar nan taka.” Na ce, “Inna, wannan ba ta walƙiya, zauna kawai yadda kike.” Ƙofar f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki biyar na f/4, shi ya sa hasken tagar nan ya wadatar. Ta zauna a bakin gado da carbi a hannu, na ɗauka. Bayan rasuwarta hoton nan ne 'yan uwana kowa ya nemi a wanke masa. Fuskarta ta fito har zanen da ke gefen idonta. Kwanukan jerenta, waɗanda ta shekara aru-aru tana gogewa, sun zama ɗigo-ɗigon haske a bayanta. Ƙanwata ta duba ta ce, “Yaya, ina kwanukan Inna?” Har yau ina son hoton, har yau kuma tambayar tana min nauyi, domin gaskiya ne, kwanukan nan ɓangare ne na Inna.

Asalin gilashi mai saurin ɗaukar haske ma don fuskar mutum aka yi shi. A 1840 Joseph Petzval, masanin lissafi a Biyana, ya tsara gilashi mai ƙofar f/3.6, a lokacin da mai son hoto yake zaman mintuna ba motsi kafin siffarsa ta kama. Gilashinsa ya rage wannan zaman ya koma ƙasa da minti guda. Laushin baya ya biyo ne a matsayin rakiya. Yanzu rakiyar ta zama ita ce ake nema, har wayoyin hannu suna ƙirƙiro ta da lissafi, sukan kuma yanke gefen ɗankwali ko gemu su haɗa da bango.

Aiki ya kai ni Akara, na zauna a Nima, a can ne na fara ganin teku ina babba. Wanda ya tashi a ƙasar da ruwa mafi girma shi ne kududdufin damina ya san abin da na ji. Na riƙa sauka Jamestown da asuba, ƙarƙashin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, inda masunta 'yan ƙabilar Ga ke turo kwalekwale. Teku ba ta son buɗaɗɗiyar ƙofa. Ba ta da ido guda da za ka ce nan zan tsaya. Dutsen da ke gabanka, kumfar da ke tsakiya, da layin da ruwa ya haɗu da sama, duk suna neman fitowa tare. Sai ka tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11, ka kafa kyamara kan ƙafa uku, wani lokaci ka ɗora baƙin gilashi mai rage haske don ɗauka ta ɗauki daƙiƙa 20 ko 30, igiyar ruwa ta kwanta ta yi sumul. Gabar Gana kudu take fuskanta, saboda haka rana ba ta faɗawa tsakiyar ruwa gabanka, daga gefe take haskowa, kuma da ta faɗi wajen ƙarfe shida duhu ba ya jira. Iskar gishiri na manne wa gilashi, laimar bakin teku na sa masa fumfuna daga ciki idan ka ajiye shi a jaka ka manta. Tun a 1857 Gustave Le Gray na Faransa ya sha fama da ɗaukar hoton teku, har ya riƙa ɗaukar sama daban, teku daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, don haskensu ba ya daidaituwa.

Wurin da abin ya fi min wuya shi ne inda sana'o'in biyu suka haɗu, wato hoton masunci a bakin ruwansa. Idan na buɗe ƙofa duka, fuskarsa za ta fito da kyau, amma teku ta zama shuɗin labule, kwalekwalensa mai fenti da rubutu ya zama tabo. Mutumin da aka ɗauka haka zai iya zama kowa, a ko'ina. Masuncin nan kuwa ya san ruwan nan tun yana yaro, ya san ranar Talata ba a fita su, ya san lokacin da kifi ke matsowa gaɓa, ruwan ya ci masa 'yan uwa. Share teku daga bayansa a ganina rage masa daraja ne. Don haka nakan tsaya wajen f/4, wani lokaci f/5.6, in ja baya kaɗan. Idonsa na nan tar, tarun da ke kafaɗarsa ana iya ƙirga ƙullinsa, kwalekwale ya yi laushi amma ana gane shi, igiyar ruwa ba ta jan ido amma kowa ya san ita ce.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan wannan. Bayan hotunansa cike yake da zannuwa masu ado, mutanensa suna riƙe da rediyo ko suna jingine da babur, amma fuskokin ba su ɓata ba, sai ma ƙara nauyi da suka yi. Ya bar wa kowa abin da yake so a gan shi da shi.

Ban daina buɗe ƙofa ba. Amarya a tsakiyar cunkoson biki, jariri a ɗakin suna, dattijo a masallaci bayan magariba, duk f/1.8 nake ba su, don abin da ke bayansu hayaniya ce ko kuma haske ya yi kaɗan. Amma yanzu kafin in taɓa zoben ƙofar nakan tambayi mai hoton. Nakan ce, “Baba, me kake so a gani a bayanka?” Wani tsoho a Elmina, garin da 'yan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, na ɗauka ganuwar zai nuna min kamar yadda baƙi ke so. Ta bakin wani yaro mai fassara ya ce in juya, kwalekwalen da ya gada daga mahaifinsa yake so, kuma a tabbata ana iya karanta sunan da ke jikinsa. Sai da na sauka f/8.