Ƙofar Ruwa: Inda Akwalar Mota Ke da Sauran Shan Ruwa

Idan a Kano kike zaune, kuma motar da kike hawa ta girmi ɗanki na fari, to ko ba jima ko ba daɗe sai sunan Ƙofar Ruwa ya shiga lissafin albashinki. Yawancinmu mata ba ma zuwa. Mukan ba bakanike kuɗi ya je ya sayo, ko mu aiki ƙani, mu zauna muna jiran a dawo a ce kuɗin bai isa ba. Ni dai ina so ki je da ƙafarki ko da sau ɗaya ne. Maza masu karatu, ku ma ku biyo mu, ba a hana ku ba.

Tawa Honda Accord ce ƙirar 2001, wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa suna Baby Boy. Ta Kwatano ta shigo, tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, kuma ta bi hannu biyu kafin ta iso gare ni. Rana ta cinye fentin rufinta, ƙofar baya ta hagu sai daga waje take buɗuwa. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da nake nema a wurinta guda ɗaya ne: in murza makulli da asuba ta tashi. Aikin jinya ba ya jira. Wadda ta kwana a kan marasa lafiya ba za ta tafi gida ba sai na iso na karɓe ta, ita ma tana da yaran da za ta shirya makaranta. Ranar da nake aikin yamma kuwa sai dare nake tashi, kuma duk macen da ta taɓa tsayawa bakin titi da ƙarfe tara tana jiran ɗan sahu, hannu ɗaya a kan jaka saboda masu ƙwacen waya, ta san darajar akwala mai tashi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, mai motar kanta da mai jiran adaidaita sahu ba lokaci ɗaya suke isa gida ba.

Zuwa wurin ba wuya. Ki ɗauki Titin Katsina, idan kin zo daidai barikin Bukavu da gadar ƙasa, kin iso yankin. Sunan na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birni ne ta ɓangaren arewa, ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Dutsen Dala na can ciki, Gwammaja na maƙwabtaka, ga tashar mota inda ake lodin Katsina da Daura. Amma yau in an ce Ƙofar Ruwa a Kano, ba ganuwa ke zuwa ran mutane ba, ƙarfe ne.

Kunnenki zai riga idonki shiga kasuwar. Guduma a kan ƙarfe, ƙarar injin yanka, masu kura suna ihun a ba su hanya. Daga baki rodi ne da bututu da kayan gini, an shimfiɗe su dogo-dogo har sai kin ɗaga ƙafa kin tsallake. Sai kin ƙara nutsawa ciki za ki ga ƙasa ta canza launi, ta koma baƙa ƙirin saboda baƙin man da ta sha shekara da shekaru. Nan ne unguwarmu. Ga ƙofofin mota an jingine su kamar alluna a tsangaya, ga fitilu an rataye, ga injuna a ƙasa an jera su kowanne da rubutun alli ko fenti a jikinsa. Wani shagon lagireto kawai yake sayarwa. Wani ba ya taɓa komai sai giya. Akwai mai shagon da duk dukiyarsa madubin gefe ne da hannun ƙofa, kuma da shi yake ciyar da iyali.

Kafin ki kai ko'ina samari za su tare ki: "Hajiya me ake nema? Wace mota ce?" 'Yan kamasho ne. Ba shago gare su ba, sanin lungu gare su, kuma ladansu a cikin kuɗin da za ki biya yake. Ba laifi ba ne, sana'a ce, wani lokacin ma suna rage miki yawo a rana. Sai dai idan kin zo da bakanikenki, ki bar shi ya wuce gaba, ke ki bi baya kina kallo kina saurare.

Abin da za ki fara koya shi ne kayan gyara iri uku ne, ko da yake da suna biyu ake sayar da su. Akwai sabo na cikin kwali, wanda a cikinsa akwai na kirki mai tsada, akwai kuma jabu mai ƙyalli wanda kwalinsa ya fi shi inganci. Akwai Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motocin da suka gama aiki a Turai ko Amurka ko Japan aka loda a kwantena. Ya tsufa, amma na asali ne, kuma bai sha ramukanmu ba. Na ukun shi ne wanda aka ciro daga motar da ta mutu a nan gida, aka wanke shi da fetur, aka goge, ya shiga layin Beljiyam ya zauna. Ba kowane mai shago ke haka ba, da yawa za su gaya miki gaskiya idan kika tambaya kai tsaye, har su ce miki wannan na gida ne, ga kuɗinsa daban. Amma sai kin tambaya. Ki zo da tsohon da aka cire daga motarki a leda, a ɗora su gefe da gefe. Ki duba kan noti, idan sifana ta cinye shi, an sha kwance shi. Ki duba roba ko ta tsattsage. Abin da ya yi tsabta fiye da kima, ki ƙara dubawa. Sannan kafin kuɗi ya bar hannunki, ku yi magana a kan dawowa: kwana nawa aka ba ki idan bai yi ba? A manyan kaya irin inji da giya, akan sa hannu ko a yi alama da fenti a jiki, don kada gobe a ce ba shi ba ne.

A kan abu ɗaya ba na neman sauƙi, shi ne ƙafar mota. Duk mai bin titunan Kano ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar hanya, tayar gaba ta kwanta gefe kamar ƙafar da ta karye. Boljoyin ne ya fita. Ɗan ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo da ke zaune cikin kwasfa, shi ke riƙe taya yana ba ta damar juyawa, kusan yadda ƙashin cinya ke zaune a ƙugu. Idan robar da ta rufe shi ta yage, giris ya fita, ƙura da ruwa suka shiga, sai ya ci kansa a hankali. Yakan yi gargaɗi: ƙara idan kin hau rami, ko kukan ƙarfe idan kina juya sitiyari. Ramukan damina da jabun kaya su ke gaggauta ajalinsa. Ikon Allah, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da kasuwar, kuma duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa karɓar waɗanda suka yi haɗari ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan taya ta fita ana cikin gudu. Duk juye biyu nakan sa a ɗaga motar a jek, a girgiza tayoyin gaba ina tsaye.

Garejin da nake zuwa ba shi da nisa da kasuwar, fili ne da inuwar darbejiya da benci ɗaya. A nan za ki gane cewa gyaran mota ma yana da ɓangarori kamar asibiti. Mai motocin Japan daban, mai Fijo daban, mai na Jamus daban. Rewaya na wuta ne, fanel bita na jiki, mai faci na taya, mai walda na salansa. Yara masu koyo, wasu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, su ke miƙo sifana suna wanke noti, kuma a haka ogansu ma ya koya. Ina girmama kunnen waɗannan mutane. Bakanikena dattijo ne, yakan ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar, kamar yadda muke sauraron ƙirji, ya ce, "Sista, ba inji ba ne, famfon ruwa ne." Sau da yawa haka ɗin ne.

Amma akwai al'adu biyu na garejin ƙasar nan da ban yarda a yi wa motata ba. Na farko cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Hujjarsu ita ce wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Alhali aikinsa shi ne ya tsare inji a kan zafin da ya dace, kuma injin da ba ya kai wannan zafin ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Idan mota tana tafasa akwai dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko ruwa na zuba, ko gaskit ya ƙone. Cire tamostat kamar ba mai zazzaɓi farasitamol ne a sallame shi ba a yi gwajin jini ba. Na biyu canje-canjen lalube: a canza fulogi, bai yi ba, a canza nozul, bai yi ba, a canza famfon mai, duk daga aljihunki. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar gwaji ta karanto abin da ke damun su, kuma yanzu masu wannan na'ura sun yi yawa a Kano. Kuɗin gwajin bai kai na kaya ɗaya da za a saya a banza ba. Af, kada in manta: a cikin salansa akwai wani abu mai kama da saƙar zuma da kanikawa ke kira indomi, yana tace hayaƙi, kuma yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Idan wani ya ce a fasa a cire miki don mota ta ƙara gudu, ki tambaye shi wa zai tafi da abin da aka cire.

Sauran kulawar yanayin garin ne ke tsara ta. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska, sai a riƙa cirowa ana kakkaɓewa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, batir da taya ke shan wahala, kuma a lokacin ne ruwan rijiya da aka daɗe ana ɗura wa lagireto ke nuna tsatsar da ya tara, shi ya sa na koma ruwan lagireto na galan. Taya kuwa, ko da zanenta bai goge ba, ki karanta lambobi huɗu da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo da yawa ta tsufa tun kafin ta hau jirgin ruwa. Man giya ma ba kowane ja ake zuba wa Honda mai canza giya da kanta ba, tana da nata.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa 1,000, kayan gyara kuma suka bi dala. Abokan aikina da dama sun ajiye motocinsu. Ni na zauna na yi lissafin kuɗin sahu zuwa da dawowa, da na kai yara makaranta, da daren da babu abin hawa, na ga riƙe ta ya fi. Sai dai na tsara mata doka. Birki da taya da ƙafa da ruwa ba sa jiran ƙarshen wata. Fenti da rediyo da ƙofar baya su jira har abada in sun ga dama. Ina da ɗan littafi a aljihun gaban mota, kamar katin mara lafiya, ina rubuta ranar juye, da abin da aka canza, da shagon da aka saya. Sannan na shiga adashi na musamman a wurin aiki, kwasata ta mota ce.

Idan kin gama sayayya, ki ɗan zagaya ta wajen 'yan gwangwan kafin ki fita. Nan ake kawo waɗanda gyara ya ƙare musu. Cikin yini ɗaya za a kwance mota, a ware abin da zai sake shiga kasuwa, wayoyi a fitar da jan ƙarfensu, ragowar a sare a ɗora a sikeli, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Na ga irin tawa a can, launinta ɗaya, an cire mata idanu. Na tambayi kuɗin ƙofar bayanta ta hagu, muka kasa daidaitawa.

Ki je da safe kafin rana ta take, kada ki zaɓi Juma'a, ki sa rufaffen takalmi da mayafin da ba kya jin asararsa. Ki riƙe ruwan sha da 'yan canji na mai kura. Ni zuwana na gaba bayan damina ne, idan kwasar adashi ta zo kaina. Bel ɗin taimin nake so a canza, wanda ke cikin inji ba a ganinsa, don a irin wannan injin idan ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul, gyaran ya koma na buɗe inji. Bakanikena ya ce a haɗa da famfon ruwa tunda hanyarsu ɗaya, kuma wannan karon sabo za mu saya, na kwali mai tsadar.