Darasin da takalmi ya koya mana a Burumburum

Mu 18 ne 'yan aji biyar na sakandare da muka tashi daga Kano a hutun hunturu, tare da malaminmu na labarin ƙasa, domin mu ga kudancin jiharmu da idonmu. Mun bi ta Bunkure da Rano da Kibiya, muka sauka a Burumburum da ke Ƙaramar Hukumar Tudun Wada. Tun daga Rano muka lura ƙasar ta fara canja kama, duwatsu na ƙaruwa, bishiyoyi na ƙara tsayi da duhu, ga kararen dawa da masara an jingine a gonaki bayan girbi.

Kudu da garin ne Dajin Falgore yake, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa kafin ya zuba a Dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974. Can gaba kuma akwai tsaunukan Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Sai dai Malam ya gaya mana tun a mota cewa ba za mu shiga cikin dajin ba, domin ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu. A gefensa za mu tsaya, da izinin mai gari, kuma da ɗan jagora na gida.

Jagoran namu wani dattijo ne, maharbi. Da muka taru bayan sallar asuba, ƙafafunmu ya fara bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan wani abokinmu mai sabon kambas fari fat, sai ya ce, "Yaro, yaushe ka sayi wannan?" Ya ce, "Shekaranjiya, Baba." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "To, Allah Ya sa ku dawo tare."

Dariya muka yi a lokacin. Ba mu yi awa biyu muna tafiya ba abokin namu ya fara ɗingishi. Da aka cire takalmin, diddigensa biyu sun yi bororo, ɗaya har ya fashe. Ga shi mun yi nisa da titi, babu mota, babu babur, wayoyinmu kuma ba sabis. Malam ya wanke masa wurin, ya manna filasta, muka raba kayansa a tsakaninmu, biyu daga cikinmu suka riƙa tallafa masa. Dutsen da muka ƙudurta hawa, daga nesa muka hango shi muka juyo. Takalmin mutum ɗaya ya tsinke wa mutum 18 tafiya.

Da daddare muka kewaye wuta saboda sanyi, Malam da Baba suka zauna da mu. Ga abin da muka rubuta a littattafanmu, domin amfanin duk wata makarantar da ke shirin irin wannan fita.

Na farko, da yamma ake gwada takalmi. Ƙafa kan ɗan kumbura bayan ta yini tana aiki, don haka wanda ya yi maka daidai da safe zai iya matse ka da la'asar. Idan za ka Kasuwar Ƙofar Wambai, ko sabo za ka saya ko gwanjo, tafi da safar da za ka yi tafiyar da ita. Gwada ƙafa biyun duka, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma. Ka miƙe tsaye ka danna gaban takalmin: ya kamata a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannunka tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Sannan ka ɗaure igiya ka yi taku. Idan diddigenka yana ɗagowa yana gogar bayan takalmin, ajiye shi, wannan gogar ce ke haifar da bororo.

Na biyu, kada takalmi ya fara saninka a daji. Ka yi kamar mako biyu kana zuwa makaranta da kasuwa da shi har ya sake. Juya ƙasansa ka duba, in ya shafe ya yi sumul zai zame da kai a kan dutse. Silifa kuwa ta wanka ce da alwala. A hanyar da muka bi akwai ƙarangiya da tsidau da ƙaya, ga kuma kububuwa da kunama. Baba ya ce duk safiya a kife takalmi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa. Idan kuma tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Na uku, ka kula da ƙafar kanta. Yanke farce kwana biyu kafin tafiya, domin a gangara yatsu kan buga gaban takalmi. Shafa man kaɗanya da daddare saboda faso. Riƙe safa biyu ko uku, ka canja da zarar ta jiƙe da gumi. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba. Abokinmu ya ce tun a rabin awar farko ya ji zafin, kunya ce ta hana shi magana.

Na huɗu, jaka. Jakar goyo mai hannu biyu ta fi ta rataya a kafaɗa ɗaya. Kaya masu nauyi su kasance a jikin bayanka, marasa nauyi a waje. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma kowannenmu lita biyu ya ɗauka, saboda haka sai ka rage tarkace. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi lemon kwalba amfani. Kada a manta da tocila da hula da rigar sanyi, da kuma sukari da gishiri. Idan gudawa ko yawan gumi ya galabaitar da wani, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a ba shi.

Na biyar, shiga mota da kaya. A daidaita kuɗin kaya da direba tun a tasha, kowa ya rubuta sunansa a jakarsa, a ƙirga jakunkuna wajen hawa da wajen sauka. Takalmin tafiya kuwa kada ya shiga but, a ƙafarka zai zauna ko a hannunka. Malam ya ce haka masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke yi a tsaunukan Turai: sukan bar katakon zamiyar cikin kayan jirgi, amma su rungumi takalmansu, domin katako ana samun haya, takalmin da ya saba da ƙafarka kuwa babu mai ara maka irinsa. Ya ƙara da cewa har Najeriya ta taɓa samun wakili a wannan wasa, Samuel Ikpefan, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022.

Washegari da za mu hau mota, abokin namu ya fito da silifar aro, kambas ɗin na rataye a wuyansa. Baba ya dube shi ya ce, "Ka je ka yi ta yawo da shi a Kano. Baɗi in da rai, kai zan sa a gaba." Mun riga mun fara tara kuɗin mota, kuma wannan karon Riruwai muka nufa.