Ƙungiyar Wa Ce?

Mu da muka tashi a zauren Malam ba mu san besbol ba, ƙwallon nan da Amurkawa ke duka da sanda, sai da ƙanenmu mai tuƙin taksi a Oakland ya riƙa kawo mana kukan fasinjojinsa ta waya.

Ƙungiyarsu, Athletics, ta sauka garin a 1968, ta ci musu kofin zakaru sau huɗu. A ƙarƙashin mai ita, John Fisher, aka rabu da gwanayenta irin su Matt Olson da Matt Chapman a 2022, a 2023 kuma aka doke ta sau 112. Jama'a suka ƙaurace wa fili, aka ce ai su ne ba su so. Ranar 13 ga Yunin 2023 sai suka juya lamarin: mutum sama da 27,000 suka hallara cikin korayen riguna, suna kira ya sayar. Bai sayar ba. A Satumban 2024 aka yi wasan bankwana, ƙungiyar ta koma Sacramento da niyyar zarcewa Las Vegas.

Mun kai maganar gaban Malam, muna zaton zai goyi bayan talakawa. Sai ya ce ba a tilasta wa mai dukiya sayarwa. Ya buɗe Risala, babin shuf'a: ko da ya sayar, haƙƙin riga saye na abokin tarayya ne, maƙwabci ma bai da shi, balle ɗan kallo.

Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara 57 da suka yi suna sayen tikiti fa?"

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaya ko ƙanen namu na samun jam'i a can.