Aminina Tela, Ɗan Fim na Tirmini

A wurin iyaye da yawa a ƙasarmu, kalmar "ɗan fim" ba ta da nisa da zagi. In aka ce yaron wane ya shiga fim, sai ka ga ana jajanta wa uban kamar gobara ta ci masa rumbu. Ni malamin lakwal ne, kuma uba, na san inda wannan tsoron ya samo asali, ban kuma raina shi ba. Sai dai ina da amini ɗan fim wanda muka haura shekara talatin tare, kuma abin da na gani a wurinsa ya isa in yi magana da 'yan uwana malamai da iyaye. Yabon gwani ya zama dole, ko da ba a san sunan gwanin a Kano ba.

Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal ta Tirmini, garin nan da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Maraɗi. Ni na wuce kwaleji, shi kuwa aka kai shi birni koyon ɗinki, ya dawo da keke ya kafa rumfa. Da damina yana gona, gero da wake kamar kowa. In an gama girbi, sallah ba ta kusa ba, ɗinki ya yi sauƙi, to lokacin fim ya zo. Har yau "Mushe" yake ce mini, ni kuma in ce masa "Tela".

Ya kamata in faɗa muku irin fim ɗin da nake nufi, don kada wani ya ɗauka irin na su Ali Nuhu ne. Kyamara ɗaya ce, ita ma ta aro, wani lokaci ma wayar hannu. Abin ɗaukar murya a bakin gora ake ɗaure shi, wani yaro ya riƙe har hannunsa ya gaji. Fitilarsu rana ce, shi ya sa da hantsi da la'asar ake aiki. Kowa da rigarsa yake zuwa, wadda babu kuma Tela ya ɗinka da ragowar yadi. Kuɗin fim gaba ɗaya 'yan jikkuna ne da aka yi karo-karo, mafi yawansu kan tafi wajen man babur da abincin rana. In an gama, wani matashi a Damagaram ya haɗa a kwamfuta, sai a kai wa masu cajin waya su riƙa tura wa mutane a memori, wasu su watsa ta WhatsApp, a ɗora a YouTube ko Allah zai sa a samu masu kallo.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Iskar hunturu takan cinye rabin magana. Ana tsakiyar kuka sai jaki ya amsa daga bayan danga. Mutum zai shiga ɗaki da hula ja ya fito da fara. Labarin kan ja tsawo inda bai kamata ba. Duk wanda ya ce waɗannan finafinai sun kai na kasuwa bai faɗi gaskiya ba, aminina ma dariya zai yi masa. Amma a cikin wannan tarkace akwai abu ɗaya da kuɗi ba ya saye, shi ne mutumin da ya iya zama wani mutum har ka manta ka san shi.

Ina ganin rumfar ɗinki ce makarantarsa. Tela yakan wuni yana sauraron mutane: mai neman a ɗaga masa ƙafa kan bashi, angon da kuɗinsa bai kai burinsa ba, tsohuwar da ta zo da zane ɗaya tana son a fitar wa jikoki uku riga. Shekara da shekaru yana kallon yadda mai jin kunya yake riƙe hularsa, da yadda mai ƙarya yake yawan rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Ba ya karanta rubutaccen labari. A gaya masa abin da zai faru, shi zai nemo maganar, kuma maganar da zai nemo ita ce wadda mutumin Tirmini zai faɗa. A bakinsa lakwal lakwal ce, kuɗi jika ne da dala. Ba ya aron harshen Kano don a ce ya waye.

Akwai wani fim da ya fito a matsayin uban da ɗansa ya dawo daga cirani hannu wofi, bayan an sayar da tunkiya an yi masa kuɗin mota. Mai shirya fim ɗin ya so a yi faɗa da ɗaga murya. Aminina ya ce masa, "Ɗana, uba ba ya yi wa wanda ya dawo da rai tsawa a daren farko." Da aka kunna kyamara, sai ya dubi jakar yaron, ya dubi takalminsa da ya tsinke, ya tura masa ƙwaryar fura, ya ce, "Sha, hanya da nisa." Bai ƙara komai ba. Na kalli wannan wuri tare da mutanen da 'ya'yansu ke Libiya da Aljeriya da Najeriya, ban ji wanda ya yi tari ba.

Wanda ya fi shafar mu malamai shi ne fim ɗin da ya fito a uban da ya cire 'yarsa daga lakwal zai yi mata aure. Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Mun sha ganin wasannin faɗakarwa da ake nuna irin wannan uba a matsayin azzalumi mai zare ido, iyaye su kalla su ce ai wannan ba mu ba ne, su tashi su kaɗe riga. Aminina bai yi haka ba. Ya fito da uban da ke son 'yarsa, wanda kwalejin da za ta je ke wani gari, ba shi da amintaccen gidan da zai sauke ta, yana tsoron abin da za a ce in wani abu ya faru. Kana kallonsa kana ganin kuskurensa, kana kuma jin tausayinsa. Da aka nuna fim ɗin a ƙofar wani gida, gardamar da ta biyo baya ta fi fim ɗin tsawo, kuma a kan masauki da tsaron yarinya aka yi ta, wato ainihin matsalar. Na yi taron iyaye ba adadi ban taɓa samun maza sun buɗe baki haka ba.

Masu ganin wannan sana'a baƙuwa ce su tuna tarihinmu. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta kowane gari tana da 'yan wasan kwaikwayo, ana gasa a bikin matasa na ƙasa, iyaye na zuwa kallo da tabarminsu. Yazi Dogo, wanda shi da abokan wasansa na Damagaram suka riƙe gidajen Nijar ta rediyo da talabijin, malamin lakwal ne kamar mu. Umaru Ganda lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Bafaranshe Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin "Moi, un noir" na 1958, bai taɓa shiga ajin koyon wasa ba. Shi ne daga baya ya shirya "Le Wazzou polygame", wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Mustafa Alhasan ya tara samari a 1966, ya sa musu hulunan kaboyi, ya yi "Le Retour d'un aventurier". A Kano ma, "Turmin Danya" na 1990, wanda ake lissafa shi a farkon finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, ba wani babban kamfani ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne kafin duniya ta san shi.

Ban kawo waɗannan sunaye don in ce Tela zai zama ɗayansu ba. Furfura ta fara fito masa, ba ya mafarkin Kano ko Yamai. Na kawo su ne don a ga cewa daga irin wannan ƙaramin wuri abin yake tsirowa, kuma al'ummar da ta tattake tsiron ba ta da bakin kukan cewa 'ya'yanta ba sa kallon komai sai na Indiya da na Turkiyya.

Burinsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗa mini. A nan Tirmini, a ƙarshen watan Yuli na 1899, dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone garuruwa a kan hanyarta. Bindigogin Faransawa suka rinjaya, daga nan suka shiga birni. Wannan rundunar ce ta yaƙi Sarauniya a Lugu 'yan watanni kafin nan. Labarin Sarauniya ya samu marubuci, Abdullahi Mamani, ya kuma samu fim a hannun Med Hondo a 1986, shi ya sa aka san ta har ƙasashen waje. Yaƙin Tirmini kuwa, yara da yawa da ke kiwo a filayen nan ba su san an yi shi ba. Aminina ba shi da kuɗin dawaki da lifidi da bindigogi. Abin da ya iya yi shi ne ya zauna a gindin gawo a matsayin tsoho, yana ba jikansa labarin kamar yadda ya ji daga bakin tsofaffi, na minti goma. Na nuna wa 'yan ajina a waya. Washegari uku daga cikinsu suka zo da abin da kakanninsu suka ƙara musu. Darasin tarihin da na rubuta a allo bai taɓa aika yaro wurin kakarsa ba.

Duk da haka abin bai zo masa a kyauta ba. Akwai shekarar da ya fito a marowaci, yara suka riƙa binsa da sunan har cikin kasuwa. Wannan da sauƙi. Mai zafin shi ne lokacin da aka zo neman auren 'yarsa, wani daga dangin yaron ya ce a yi tunani, gidan ɗan wasa ne. Mutumin da bai taɓa cin yadin kowa ba, wanda ake ba ajiyar kuɗin adashi, shi ake tantama a kansa saboda ya sa gemun auduga a gaban kyamara. Auren ya ɗauru, amma na ga abin da maganar ta yi masa. Mata sun fi shan wannan. Zalika Sule, wadda ta fito a fim ɗin kaboyin nan na 1966, ta sha tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗinta "Al'lèèssi".

Iyaye, tsoronku yana da tushe. Akwai masu fakewa da fim su lalata 'ya'yan mutane, akwai rawar da ba za ka so 'yarka a ciki ba, akwai yaran da suka bar aji suna bin kyamara. Maganin wannan shi ne tambaya. Wa ke shugabantar ƙungiyar? Ina ake ɗauka, da wane lokaci? Mene ne labarin? A ƙungiyar su Tela ba a sa yarinya sai an je gidansu an gaida mahaifinta, ba a aiki bayan magariba, ɗan lakwal kuwa sai ranar da babu aji. Shi ya kafa wannan doka, domin shi ma uba ne. Inda aka ƙi amsa muku waɗannan tambayoyi, ku riƙe ɗanku. Inda aka amsa, ku je ku gani da idonku, gani ya kori ji.

Malamai kuma, kowane aji yana da yaron da ke kwaikwayon tafiyar mushe da muryar darakta in an fita hutu. Tela ne wannan yaron a ajinmu, kuma bulala kawai baiwarsa ta jawo masa. Yaron da ya iya kwaikwayonka ya fi kowa kallonka da sauraronka. Ba shi aiki. Ya fito a mai sayarwa a darasin lissafi, ya fito a manzon sarki a darasin tarihi, ya jagoranci wasan ƙarshen shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun 1973 aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 hukumomin ƙasa suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za mu buƙaci mutanen da suka iya tsayawa gaban jama'a su sarrafa harshen nan har a saurare su, kuma a cikin azuzuwanmu suke zaune yanzu.

Mu Hausawa mun iya yabon mutum ranar da aka kai shi makwanci. Ni na fi so in faɗa tun yana ji. Tela, sannu da aiki. Ka sa mutanen garinmu sun ga kansu, sun yi dariya, wani lokaci sun koma gida shiru suna tunani, ba ka kuma karɓi ko dala a hannunsu ba. Wanda duk ke da irin wannan mutum a garinsu, ya nemi fim ɗinsa wurin mai caji, ya zauna da iyalinsa su kalla har ƙarshe, da iskar da kukan jakin duka, sannan ya yanke hukunci. Allah ya ƙara basira, ya shirya mana zuri'a.