Gobir Ɗaya, Ƙofar Shari'a Biyu

Mu da mu ke koyar da yara a Gatawa ba mu bukatar taswira kafin mu nuna musu yadda ƙasashe suka bambanta wajen tsara shari'a. Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri kaka ɗaya su ke kira, tsaga ɗaya ce a kumatunsu, amma tun da Turawa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, in gado ko aure ya rikice musu, kowa da ƙofar da ya ke durƙusawa.

A namu ɓangaren Ingilishi ba su tuɓe alƙali ba. Suka bar shi da littattafansa na Malikiyya, sai dai suka jera kotunan daraja daraja, A, B, C da D. Alƙalin gunduma ya raba gado, ya kashe aure, ya hori ɓarawon akuya. Maganar jini kuwa sai majalisar Sarkin Musulmi a Sakkwato, ita ma ba a zartar da kisa sai Gwamna ya sa hannu. Di'o ya kan buɗe littafin alƙali ya duba, Razdan ya rage hukunci ko ya soke shi. Watau rawani na malam, linzami na Bature.

Faransa ba ta bi wannan hanya ba. A Maraɗi Kumandan da kansa ke hawa kujera, malamai da dattawa na gefe suna gaya masa al'ada. Har 1946 yana da ikon ɗaure mutum kwanaki ba a yi masa shari'a ba. Mu dai, a ganinmu, namu ya ɗan fi sauƙi, don ko ba kome talaka na jin bakin alƙalinsa. Amma kada mu cika yabo. Alƙalin nan ma'aikacin En'e ne, to, wa zai kai ƙarar hakimi gabansa?

Wannan ne ya sa a 1967 aka rufe majalisun shari'a na sarakuna, aka raba alƙalai da En'e. Nijeriya ta ɗauki irin tsarin Amurka, kowace jiha da kotunanta, Nijar kuwa ta gaji na Faransa, tsani ɗaya tak mai kai wa Yamai.

Yau in an danne wa manomi gona a Gatawa, yana da ƙaramar kotun shari'a, da babba, da Babbar Kotun Jiha a Sakkwato, da ta ɗaukaka ƙara ta Tarayya, sa'an nan Kotun Ƙoli a Abuja. Hawa biyar ke nan, yara kuwa sun haddace su sarai. Sai dai kuɗin mota da na lauya kan zarce kuɗin gonar tun a hawa na uku, ga kuma halin da hanya ta ke ciki. Saboda haka yawancin rigingimunmu a zauren mai gari su ke ƙarewa, gaban liman da dattawa biyu, ba mai rubuta kome.